Saƙon da Rabi'atu Ta Tsallake

Rabi'atu 'yar unguwarmu ce, can bayan rijiyar Kusugu a Daura, a lungun da dukawa suka fi yawa. Mahaifinta baduku ne, yana ɗinka jaka da kube da takalmin fata, mahaifiyarta Shatu kuma tana ɗinkin hula ta ba dillaliya ta kai kasuwa. Suna da yawa a ɗakinsu, ita ce ta tsakiya, irin yaran da ba a cika tunawa da su ba sai an zo rabon aiki. Tare muka yi firamare da ita, kuma ban taɓa jin malami ya ɗaga murya a kanta ba. Ba ta da surutu, ba ta da rigima, abin da aka sa ta shi take yi.

Da ta gama sakandare ta tafi Katsina ta yi difloma a fannin kwamfuta. Ba sha'awar kwamfutar ce ta kai ta ba. Aikin jinya ta nema ba ta samu gurbi ba, wani ƙanin babanta ya ce ta karɓi abin da aka ba ta. Ta dawo ta auri Malam Sha'aban, malamin firamare, mutum mai sanyin hali, ta haifi Firdausi, daga baya Nabil. Shekarun farko na aurenta takardar diflomar tana ƙasan akwati, sai ɗan buga wa ɗalibai takardu da take yi a wani shago kusa da tasha.

Aikin da aka san ta da shi ya zo ne lokacin da Alhaji Saminu mai magani ya faɗaɗa kasuwancinsa. Da ƙaramin kemis ya fara, har ya zama shi ke ba ƙananan asibitoci da masu kemis na ƙasar Daura magani a sari. Ya buɗe reshe a Sandamu, ya buɗe wani a Dutsi. Ɗansa Ja'afaru, wanda shi ne manaja, ya matsa sai an sayi manhaja irin ta manyan kamfanoni, wadda za ta riƙa nuna kayan da ke kowane reshe daga wuri ɗaya. Wani kamfani a Kano ya kafa musu ita, ya turo injiniya mai suna Sharfaddeen ya kwana biyu yana koya wa ma'aikata. Aka nemi wanda zai zauna da na'urar kullum, aka ɗauki Rabi'atu.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a bayan sito, jikin manyan firij ɗin da ake ajiye allurai. Babu taga. Ƙarar janareta a bayanta, warin kwali da magani a gabanta. Ta ce mini a makon farko har tsoron taɓa madannan take yi.

Cikin abubuwan da Injiniya ya nuna mata akwai wani shafi da suke kira log. A nan manhajar take rubuta duk abin da ta yi da abin da ta kasa yi, layi bayan layi, da Turancin masu kwamfuta. Wasu layukan ja ne, wasu ruwan ɗorawa, mafi yawa kuma farare.

"Malama Rabi," in ji shi, "in kin ga ja, ki kira ni nan take. In ruwan ɗorawa ne, ki duba ki gani. Fararen nan kuwa surutu ne kawai, kada su ci miki lokaci."

Ta lura kusan duk masu ruwan ɗorawar a kan abu ɗaya suke magana, wani abu wai shi kash. Ta tambaye shi mene ne.

"Kina zuwa rijiya duk lokacin da kika ji ƙishi?"

"A'a, akwai randa."

"To shi ke nan. Ainihin bayanin kayanku yana babbar na'ura a Kano. Kwamfutar nan ba za ta iya tambayar Kano kowane lokaci ba, sai ta ɗebo kwafi ta ajiye kusa. Wannan ajiyar ita ce kash. In kwafin ya daɗe sai ta zubar ta ɗebo sabo."

Daga nan ta sa kanta koyon saƙonnin. Wanda ta fi gani shi ne mai cewa an nemi abu a kash ba a samu ba. Da farko takan ɗauka wani kaya ne ya ɓace. A hankali ta gane ba komai ba ne, kwamfutar ce ke cewa ta tafi Kano ɗebo sabon bayani. Akwai mai cewa kash ya cika an fitar da tsofaffi don a samu wuri, akwai mai cewa wa'adin wani bayani ya ƙare. Wanda ba ta gane ba takan ɗauki hotonsa a waya, in ta koma gida ta gama girki ta zauna ta bincika. Malam Sha'aban yakan yi mata tsiya, wai ta fi kula da lafiyar injin Alhaji fiye da tasa. Cikin 'yan watanni ta saba da su, tana iya gane ranar da na'urar take lafiya da kallo ɗaya. A lokacin tana jin daɗin aikin ƙwarai, har ƙiba ta yi.

Matsalar ita ce sabis. Duk sanda kwamfutar ta tafi Kano ɗebo bayani, in sabis ba shi da ƙarfi, sai allo ya tsaya yana juyawa. Masu sari su yi layi a gaban kantar shagon suna tsaki, wani ya ce a da da biro da takarda ma an fi sauri. Ja'afaru ya riƙa shigowa ɗakinta yana leƙa allon ta bayanta.

"Malama Rabi, wannan ruwan ɗorawar da ya cika ko'ina fa? Abin nan bai lalace ba kuwa?"

Ta yi masa bayani sau da yawa. Yakan gyaɗa kai, gobe ya dawo da tambayar. Ita ma ta gaji da ƙorafin, ita ce ta kira Injiniya ta ce ko akwai dabara. Ya ce akwai. Za a tsawaita wa'adin kwafin, maimakon 'yan mintoci ya riƙa yin kwanaki. Ya ce babu damuwa, domin duk lokacin da wani reshe ya sayar da abu, zai aiko da umarni a goge tsohon kwafin abin nan take. Ba ta tambaye shi abin da zai faru ba idan umarnin bai iso ba. Shi ma bai kawo zancen ba.

Aiki ya yi sauri. Layi ya ɓace, ruwan ɗorawa ya ragu har sai an nema. Da sallah Alhaji Saminu ya aiko mata da atamfa da turare, ya ce a gaya wa 'yarsa Rabi ta kyauta.

Da damina ta kankama sabis ɗin Dutsi ya lalace. Yakan zo ya ɗauke, wani lokaci yini guda babu. A kwanakin ne wani sabon layi ya fara fitowa a log. Fari ne. Yana cewa an kasa goge kwafin reshen Dutsi, ana ci gaba da wanda ke hannu. Rabi'atu ta gan shi. Ta ma yi niyyar ɗaukar hotonsa, amma a makon Nabil yana kwance da zazzaɓi, hankalinta rabi yana gida, kuma layin fari ne cikin ɗaruruwan farare. Ta tsallake shi ta wuce.

Wata safiya wayar ofis ta yi ƙara. Muryar namiji ce, yana magana da sauri, iska na kaɗa wayar.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin maganin Alhaji Saminu? Yaranku na Sandamu ne suka ba ni lambar."

Sunansa Harisu, manomi ne daga wani ƙauye gaba da Sandamu. Kububuwa ta sari matarsa Kande a ƙafa tana cire ciyawa a gonar gyaɗa. Sun fara kai ta wurin mai maganin gargajiya, aka tsaga wurin aka shafa magani, aka kwana ana jira. Da ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini ya fara fita daga dasashinta, suka kawo ta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin wurin ya ce ba su da allurar dafin maciji, ya rubuta masa sunanta ya ce ya nemo da gaggawa, in bai samu kusa ba ya wuce Katsina. Reshen Sandamu babu.

Rabi'atu ta san babu a Daura, domin da idonta ta ga an fitar da ta ƙarshe daga firij a farkon makon. Ta buga sunan allurar a kwamfuta. Nan take allo ya nuna akwai a Dutsi.

"Malam, akwai a reshenmu na Dutsi. Ya fi maka kusa a kan Katsina."

"Kin tabbata, Malama? Babur ɗin na aro ne."

"Ga shi ina gani a gabana. Ka je ka tambayi Mainasara, shi ne mai kula da wurin."

Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya kashe wayar. Ta kira Mainasara don ta ce ya ajiye wa mutumin, kiran bai shiga ba. Ta ce za ta sake gwadawa. Sai motar kaya ta iso daga Kano, aka kira ta shigar da sababbin kwalaye, ta tashi.

Bayan azahar Mainasara ya kira ta. Ya ce sai da ya fita bakin titi kafin ya samu sabis.

"Anti Rabi, wa ya turo mana mutumin nan? Allurar nan ai ta ƙare tun makon jiya. Ni na sayar da ita, na kuma shigar a kwamfuta."

Ta juya ta kalli allonta. Har lokacin yana cewa akwai. Ta ji ana karɓar wayar daga hannun Mainasara.

"Malama, ke kika ce akwai."

Muryar Harisu ce. Ta ce ya yi haƙuri. Ya ce to, bari ya kama hanyar Katsina. Ruwa ya tare shi a hanya, babur ya mutu masa, bai samu allurar ba sai washegari. Kafin ya dawo Kande ta cika. Ma'aikatan Sandamu ne suka bugo suka faɗa, a cikin hira, ba su ma san Rabi'atu tana da hannu a maganar ba.

Ta rufe ƙofar ɗakinta ta buɗe log, ta koma baya. Layin yana nan, fari, yana maimaita kansa tun ranar da sabis ɗin Dutsi ya fara ɗaukewa. Wannan karon ta karanta shi kalma bayan kalma, kuma babu abin da ya ɓoye a cikinsa. Mainasara ya sayar, umarnin gogewa ya taso daga Dutsi bai iso ba, kwamfutar Daura ta ci gaba da nuna tsohon kwafi, kuma ta rubuta cewa haka take yi. Da wa'adin na nan yadda yake a da, da kwafin ya mutu da kansa cikin mintoci.

Ta kira Injiniya Sharfaddeen ta karanta masa layin, sannan ta gaya masa abin da ya faru. 

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Wannan bai kamata ya zama fari ba. Haka masu manhajar suka saita shi, ni kuma ban taɓa dubawa ba."

Ba wanda ya kira shi, da kansa ya shigo mota ya zo Daura. Ya mayar da wa'adin yadda yake, ya mai da layin ja, ya sa allo ya riƙa nuna lokacin da aka ɗebo kowane bayani. Ya yi aikin bai ci abincin da aka kawo masa ba.

Ja'afaru ya kira su biyun ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce abin ya taɓa shi, amma maganar ta tsaya a nan. Ya ce mutanen sun ɓata lokaci wurin mai maganin gargajiya, ko da an samu allurar a Dutsi ba wanda ya san ko za ta tashi. Wannan gaskiya ne, Rabi'atu ma ta san gaskiya ne, har ta tambayi wata ma'aikaciyar jinya daga baya ta ce mata ba a iya sani. Alhaji Saminu ya aika da buhun shinkafa da turmin yadi gidan rasuwar, ya kira Rabi'atu ya ce, "'Yata, kwananta ne ya ƙare. Kada ki ɗora wa kanki."

Ta gaya wa mijinta tana so ta je gaisuwa. Ya ce ba ya ganin amfanin hakan, amma da ya ga ta daina cin abinci ya ɗauke ta a babur ɗinsa suka tafi. Gidan na ƙasa ne, a ƙarshen ƙauye, gero ya kewaye shi ya fi mutum tsawo. Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa. Wata tsohuwa mai suna Kulu, uwar mamaciyar, tana riƙe da jaririya tana ɗura mata kunu da cokali, yarinyar tana kawar da kai. Aka ce sunanta Amatullah, ba a yaye ta ba. Ba wanda ya tambayi Rabi'atu daga ina take.

Da ta fito, Harisu yana zaune a tabarma a ƙofar gida tare da Malam Sha'aban. Siririn mutum ne, bai kai yadda muryarsa ta nuna a waya ba. Ta durƙusa daga gefe ta ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke ce ta waya."

"Ni ce."

"Na'urar ce ta ce miki akwai?"

"E. Tsohon bayani ta nuna mini. Ban sani ba."

 Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Da kin ce mini ba ki sani ba, da na wuce Katsina kai tsaye." Ya gyara zama. "An gode da zuwa. Allah ya kai ku gida lafiya."



Ta koma aiki, amma ba Rabi'atun da aka sani ba. Ta daina tsallake ko layi ɗaya a log, ja ko fari, kuma manhajar tana rubuta dubbai a yini. Takan zo kafin kowa ta zauna tana bi da yatsa. Duk abin da allo ya nuna, ba ta faɗa wa mai saye sai ta kira reshen ta ji da kunnenta, ko da maganin tari ne. In kiran bai shiga ba sai ta ce ba ta sani ba. Ga jinkirin da ya dawo saboda an rage wa'adin kash, ga nata jinkirin. Layi ya dawo gaban kanta, tsaki ya dawo. Ta fara ciwon kai mai tsanani, aka ba ta tabarau, ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Wata rana Firdausi ta tambaye ta ko akwai sauran sukari a gida, ta ce bari ta duba, alhali da hannunta ta zuba shi a gwangwani da safen.

Sharfaddeen ya bar kamfaninsu na Kano bayan wani lokaci, aka turo wani wanda bai san labarin ba. Da aka zo sabunta manhajar, Ja'afaru ya roƙe shi ya ƙara wa'adin, ba kamar na da ba, kaɗan dai, don masu sari sun fara komawa wani wuri. Sabon injiniyan ya ce ai yanzu layin ja ne, in an samu matsala za a gani. Wataƙila yana da gaskiya. Rabi'atu ta ce ita ba za ta zauna a gaban allon ba in an ƙara. Ja'afaru ya ba ta haƙuri, ya ce ta je gida ta huta wata guda ta yi tunani. Ba ta koma ba, su ma ba su aiko ba. Wata yarinya da ta gama bautar ƙasa aka ɗauka a madadinta.

Yanzu tana aiki a ofishin wata makarantar kuɗi a bakin gari, tana buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ciwon kan bai rabu da ita ba. An yi mata tayin aiki a wani babban kanti mai irin waccan manhajar, albashin ya fi, ta ƙi.

Ni kuma an mayar da ni koyarwa wajen Sandamu, ina bi ta kusa da ƙauyen su Harisu. Kwanakin baya na je gidanta barkar haihuwar ƙanwarta, muna wanke kwanuka a tsakar gida ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko ina jin labarinsu. Na gaya mata abin da na sani. Yarinyar ta rayu, tana hannun kakarta, ƙarama ce dai ga shekarunta. Harisu ya tafi ci-rani kudu tun bayan girbin shekarar, damina ta zo ta wuce bai dawo ba, wani ɗan'uwansa ne ke noma gonar.

"Yana aiko musu da wani abu?" ta ce.

Na ce ban sani ba. Ta ɗauraye kwanon da ke hannunta ta kife shi, aka kira ta daga ɗaki ta tashi.